Gwajin Sankarar Mata a Bakin Iyaka: Daga Littafin Likita Zuwa Illela

Gwajin sankarar mata, wato duba mace mai lafiya don a gano ciwon daji tun bai bayyana ba, baƙon abu ne a tarihin magani a ƙasar Sakkwato, kuma ya fi zama baƙo a garuruwan bakin iyaka irin su Illela. Kusan duk hanyoyin magani da yankin ya sani, daga na wanzami da ungozoma har zuwa asibitin Bature, an gina su ne a kan mutum ya ji ciwo ya kawo kansa. Wannan gwaji kuwa akasin haka yake nema: mace ta yarda a duba ta alhali babu abin da ke damunta, likita kuma ya tuna ya yi mata tayin gwajin alhali zazzaɓin goyonta ne ya kawo ta. Ƙa'idojin shekarun da za a fara da tazarar da za a bari tsakanin gwaji da gwaji suna cikin littattafan da ɗaliban likitanci ke karantawa a Sakkwato. Yadda ƙa'idojin suka iso, da abin da ke hana sabon likita bin su, labari ne da ya haɗa tarihin garin da tarihin aikin likita.

Illela tana arewacin jihar Sakkwato, kimanin kilomita 85 daga birnin Shehu, a kan titin da ya bi ta Kware da Gwadabawa ya tsallaka zuwa Birnin Ƙonni, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da dubu 150. Kasuwarta ta Lahadi, musamman karar dabbobi, tana tara Hausawa da Fulani da Buzaye daga ɓangarorin biyu, ga albasa da hatsi da ake lodi zuwa kudu. Iyakar kanta ba tsohuwa ba ce. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Ƙonni a 1899, Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, sannan tsakanin 1906 da 1908 wakilan ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa alamun raba ƙasa. Layin ya ratsa dangi da gonaki, bai kuma hana zumunci da auratayya ba. Abin da ya bari shi ne tsarin lafiya biyu, ɗaya da Ingilishi ɗaya da Faransanci, kowanne da takardunsa da ƙa'idojinsa, a kan jama'a ɗaya mai harshe ɗaya.

Kafin zuwan Turawa, lafiyar mace a hannun mata take. Ungozoma ce ke yanke cibi ta kula da wankan jego, tsofaffin gida da 'yar mai ganye ke haɗa saiwoyi da sassaƙe, wanzami kuma a kira shi in abu ya kai ga ƙaho ko sakiya. Malamai ma ba su bar fannin ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan ilimin magani. Masu maganin gargajiya sun san daji, sun kuma san kumburin da ba ya jin magani, wanda in an taɓa shi da aska sai ya ƙara haɓaka. Amma daji da suka sani shi ne wanda ya riga ya fito fili, ƙari a nono da ya fashe ya zama gyambo, ko jini da wari da suka hana mace zama cikin mutane. Ba su da hanyar ganin abin da ke faruwa shekaru kafin nan, kuma a wancan zamani babu mai ita a duniya.

Abubuwa biyu daga wannan gado suna nan har yau, kuma su ke tsara lokacin da mace za ta isa asibiti. Na farko shi ne hukuncin jini. Macen da ta yi karatun Ahalari ko Risala ta san bambancin haila da jinin biƙi da jinin ciwo, ta san kwanakinta fiye da yadda yawancin likitoci ke zato. Idan jini ya zo mata ba a lokacinsa ba, tambayar farko da za ta yi ita ce ta salla da azumi, kuma wurin malama ko malam za ta kai ta. Za a ba ta amsar da ta dace da fiƙihu, cewa jinin ciwo ba ya hana ibada, ta yi tsarki ta ci gaba. Amsar daidai ce a fanninta, sai dai jinin da ke biyo bayan saduwa, da jinin da ya dawo wa mace bayan ta daina al'ada, su ne manyan alamun sankarar bakin mahaifa, kuma hukuncin salla ba ya cewa a tafi asibiti. Na biyu shi ne sanyi. Kusan duk wani ruwa ko ƙaiƙayi ko ciwon mara, sunan da ake ba shi ke nan, kuma maganinsa yana kowane kemis da kowace tallar mota a ranar kasuwa. Mace na iya shafe shekara tana shan maganin sanyi kala-kala ba tare da kowa ya duba ta ba.

Asibitin zamanin mulkin mallaka bai sauya wannan ba, domin ba don shi aka kafa shi ba. Damuwar Turawa ita ce lafiyar ma'aikatansu da sojoji, sai annoba irin su agana da sanƙarau. Daga baya En'e ta buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a gundumomi, inda malamin asibiti, namiji, ke wanke gyambo ya ba da maganin tsutsa da na zazzaɓi. 'Yan mishan an daɗe ana hana su aiki a ƙasashen sarakuna, sai ta hanyar kuturta suka samu shiga, kamar a Amanawa kusa da Sakkwato a ƙarshen shekarun 1930. A ɓangaren Faransa, mishan ɗin SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, gabas da Ƙonni a kan hanyar Maraɗi, kuma mutanen wannan yanki na Najeriya sun daɗe suna tsallakawa can neman magani. A duk wannan zamani, sau ɗaya ne ma'aikacin lafiya ke taɓa mai lafiya, wato lokacin lamba. Daga baya aka samu na biyu, awon ciki, wanda a hankali mata suka karɓa ya zama al'ada.

A daidai wannan lokaci ne gwajin ke samuwa a wata nahiya. George Papanicolaou, likita ɗan asalin Girka da ke aiki a New York, ya bayyana a 1928 cewa ana iya gane ƙwayoyin daji a cikin ruwan gaban mace in an duba da madubin likita. Ba a kula shi sosai ba sai bayan littafin da ya fitar tare da Herbert Traut a 1943. Hikimar gwajin tana cikin ɗabi'ar cutar. Sankarar bakin mahaifa ba ta faɗowa dare ɗaya. Ƙwayoyin halittar da ke bakin mahaifa suna fara canza kama a hankali, kuma ga mace mai lafiyayyen garkuwar jiki yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin canjin ya zama daji. A duk tsawon wannan lokaci babu zafi babu jini. Wanda ya duba a tsakani zai iya cire ɗan wurin da ya ɓaci, kamar yadda mai ajiyar albasa ke juya ta a rudu yana tsame wadda ta fara laushi tun ba ta lalace ta shafi sauran ba. A ƙasashen da suka riƙe gwajin da gaske, mace-macen wannan cuta sun ragu da fiye da rabi.

Sai dai gwajin ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ana buƙatar ɗaki mai sirri da haske, da ɗan ƙarfen da ake buɗa gaban mace da shi, a goge bakin mahaifa da tsinke, a shafa a gilashi, a tsoma cikin sifirit nan take, a aika ɗakin gwaji a rina, ƙwararre ya karanta, sakamako ya dawo, a nemo matar, in an ga wani abu a sake duba ta a yi mata aiki. Ko'ina igiyar ta tsinke, wahalar baya ta tashi a banza. Tun 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga sharuɗɗan da Wilson da Jungner suka tsara, kuma daga cikinsu akwai cewa kada a nemo cuta a jikin mai lafiya sai akwai wurin tabbatar da ita da maganinta, kuma gwajin ya zama aiki mai ɗorewa, ba gangamin rana ɗaya ba. Ingila kanta ta yi shekaru tana gwajin ba tare da ganin cikakken amfaninsa ba, sai da ta kafa tsarin rajista a 1988, wanda ke aika wa kowace mace takardar gayyata in lokacinta ya yi.

A Najeriya, ilimin ciwon daji ya fara zama da gindinsa a Ibadan, inda aka buɗe Asibitin Koyarwa a 1957, George Edington kuma ya kafa rajistar masu ciwon daji a 1960. Arewa ta samu tsangayar likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1967. Abin da ya cika idon likitocin mata a Arewa a wancan lokaci shi ne mutuwa wurin haihuwa. Binciken Kelsey Harrison a Zariya, wanda ya bi haihuwa 22,774 aka buga shi a 1985, ya nuna yadda doguwar naƙuda da jijjiga da zubar jini ke kashe matan da ba su taɓa zuwa awo ba. Ga kuma yoyon fitsari, wanda har yau asibitin mata da yara na Maryam Abacha a Sakkwato ke fama da shi. Babu mai zargin malaman wancan zamani don sun sa wannan a gaba. Wadda ke zubar da jini yanzu ta fi wadda za ta kamu da daji nan da shekara 15 buƙatar likita. Amma horon da aka gina a kan gaggawa yakan haifar da likitan da bai saba tambayar mai lafiya komai ba.

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, kuma asibitin koyarwarta, wanda ya fara aiki a shekarun 1980, shi ne babban wurin da ake tura marasa lafiya daga Sakkwato da Kebbi da Zamfara da wani yanki na Nijar. Hanyar zama likita a nan ɗaya ce da ta sauran ƙasar. Karatu shekara 6, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, wata uku-uku a sashen manya da na tiyata da na yara da na mata, sai shekarar hidimar ƙasa da aka kafa a 1973. Mai son ƙwarewa ya koma asibitin koyarwa ya yi wasu shekaru biyar zuwa shida ko fiye, ƙarƙashin Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979 ko kwalejojin Afirka ta Yamma. Garuruwa irin su Illela yawanci da masu hidimar ƙasa da ƙananan likitoci suke haɗuwa, ƙwararru kuwa suna birni. Ke nan ƙa'idar gwaji, in za ta isa bakin iyaka, a hannun mafi ƙarancin gogewa za ta isa.

Sabon likita yana iya karanto ƙa'idar da ka a jarrabawa. Abin da idonsa ya saba gani daban ne. A ɗakin kwanciyar mata na babban asibiti, sankarar bakin mahaifa tana zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu: mace ta rame, jininta ya ƙare, an ware mata gado a lungu saboda wari, 'yarta na zaune gefe da fanka da turaren wuta. Wannan hoton ne ke zama masa ma'anar cutar, abin da ake gani a makare a yi ta lallashi. Ɗan farin tabon da cutar ke farawa da shi, wanda ake ƙonewa cikin minti guda mace ta koma gida da ƙafarta, da wuya ya gan shi sau da yawa, domin masu ɗauke da shi ba sa zuwa. Idan ya koma asibitin gunduma, ga layin mutane tun asuba, ga tiyatar haihuwa na jira, ga wuta babu. Katin mara lafiya ba shi da gurbin da aka rubuta ranar gwajin ƙarshe, babban likita bai taɓa tambayarsa mata nawa ya gwada ba, rahoton wata-wata ma bai cika neman wannan adadi ba. Mai koyon sana'a abin da ya ga maigidansa na yi yake yi, kuma abin da ake tuhumarsa a kai shi yake kiyayewa.

Akwai kuma nauyin baki. Saurayi ɗan shekara 27 yana zaune gaban mace sa'ar mahaifiyarsa, yana ce mata Inna, tana ce masa ɗan nan. Ƙa'ida ta ce ya tambaye ta ko tana ganin jini bayan ta sadu da maigidanta. Da Ingilishi ya koyi tambayar, kuma ba lalle ne wani ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake yin ta da Hausa ba tare da an ci fuska ba. In ɗan hidimar ƙasa ne daga kudu, sai an nemo tafinta, kuma sau da yawa tafintan shi ne mijin ko ƙanensa ko ɗan da ta haifa, waɗanda ba za ta taɓa faɗin wannan magana a gabansu ba. Za ta ce mararta ke ciwo, a rubuta mata magani, kowa ya huta. Idan ciwo ya ci ƙarfi, mata da kansu kan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gwaji kuwa yana neman a ajiye kunya tun ranar ba ta zo ba, ga kuma izinin miji da kuɗin mota. Inda aka samu malamar asibiti mace da ta iya zance, rabin wannan nauyi yakan sauka.

Cewa rashin sani ba shi ne tushen matsalar ba, an gan shi a Sakkwato kanta. Wani bincike da aka buga a 2013 kan ma'aikatan lafiya mata a birnin ya samu kusan dukkansu sun san cutar sun san gwajinta, amma kimanin ɗaya cikin goma ce kawai ta taɓa yin gwajin. Waɗannan mata ne masu ilimi da albashi, da ke wucewa ta ƙofar ɗakin gwajin kullum. Wannan sakamako ya isa ya sa a sake tunani kan yawan dogaro da wayar da kai, domin wadda ba ta ga dalilin gwada kanta ba da wuya ta matsa wa matar ƙauye.

Irin wannan giɓi tsakanin ƙa'ida da aiki an fi nazarinsa a Amurka, musamman game da mata 'yan asalin Latin Amurka masu jin Sifaniyanci. Sankarar bakin mahaifa ta fi yawa a cikinsu fiye da fararen mata, kuma abin ya fi tsanani a gundumomin jihar Texas da ke bakin iyakar Meziko. Dalilan sun yi kama da na nan: talauci, rashin inshorar lafiya, bambancin harshe da likita, kunya, da zirga-zirga tsakanin ƙasa biyu. Asibitocin koyarwa, inda likitoci masu neman ƙwarewa ke duba marasa galihu, su ne mafakar da yawansu. Tun shekarun 1980 masu bincike a can suka riƙa buɗe katunan marasa lafiya suna ƙirga wa aka yi wa gwaji wa aka tsallake, suka gano likitoci kan ɗauka suna bin ƙa'ida fiye da yadda katin ke nunawa. Suka kuma gano abin da ke gyara lamarin ba ƙarin lacca ba ne. Takardar tunatarwa a manne a gaban kati, ko saƙon kwamfuta da ke fitowa lokacin ganin mara lafiya, da nuna wa likita adadin aikinsa, su suka ɗaga yawan gwaji. A 1990 majalisar Amurka ta yi dokar da ta samar da gwajin nono da na bakin mahaifa ga mata marasa ƙarfi. Aka kuma dogara da matan unguwa da aka horar, masu shiga gida-gida suna magana da harshen mutane, suna raka mace har asibiti.

Wannan dabara ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda dattawan mata amintattu da ake kira jaji ke kai ilimi ƙauyuka su kuma jagoranci mata zuwa wurinta. Dattijuwar da aka yarda da ita tana shiga inda likita ba ya shiga, tana faɗin abin da ba ya iya faɗa. Aikin rigakafin shan inna ya tabbatar da haka a zamaninmu, da matan da ke bin gida-gida da zaure-zaure.

Bakin iyaka yana da nasa ƙarin wahala. Matar da aka aurar daga wani ƙauyen Ƙonni zuwa Illela tana iya yin awon cikin fari a gidan mijinta, ta tafi goyon ciki ta haihu a gidan iyayenta, ta dawo da kati biyu da harshe biyu, babu ma'aikacin da ke karanta duka. Nijar ta ayyana maganin sankarar mata kyauta a 2007, ta kuma buɗe sashen gashin daji a cibiyarta ta Yamai a 2021, amma daga Ƙonni zuwa Yamai ya haura kilomita 400, Sakkwato kuwa tana nan kusa, kuma asibitin koyarwarta na cikin 'yan wuraren da ke da na'urar gashi a Najeriya. Don haka marasa lafiya na bin kusanci da sauƙin kuɗi, siyasa kuma na datse su. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Mai kayan sayarwa yakan samu ɓarauniyar hanya a kan babur. Macen da aka ce ta dawo bayan mako shida karɓar sakamako, alhali ba ta jin ciwon komai, ba za ta bi ta daji don wannan ba.

Saboda irin wannan yanayi ne aka nemo hanyar da ba ta buƙatar dawowa. A ƙarshen shekarun 1990 bincike a Zimbabuwe, daga baya kuma a Indiya, ya nuna cewa in aka shafa ruwan kal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a bakin mahaifa aka jira minti guda, wurin da ya fara ɓaci yakan yi fari, a gan shi da ido da hasken tocila. Nas ko ungozomar asibiti da aka horar tana iya yi. In tabon ƙarami ne, a take ake kashe shi, da sanyin iskar gas ko da wata 'yar na'ura mai batir da kanta ke zafi kamar tafasasshen ruwa, a ɗora na daƙiƙa 20 zuwa 30. Gwajin bai kai na ɗakin bincike daidaito ba, yana kuma dogara da idon mai dubawa, amma mace na zuwa sau ɗaya ta gama. Manufar raba ayyukan lafiya da Najeriya ta amince da ita a 2014 ta buɗe ƙofar sauke irin waɗannan ayyuka daga likita zuwa nas-nas da jami'an lafiya na al'umma, waɗanda su ne ainihin masu riƙe da ƙananan asibitocin ƙauyukan Illela.

Kafin nan an riga an gano mai haddasa cutar. Harald zur Hausen na Jamus ya gano nau'i na 16 da na 18 na ƙwayar HPV a 1983 da 1984, waɗanda ke jawo kimanin kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar ta hanyar saduwa take yaɗuwa, kuma yawancin mutane kan gamu da ita a rayuwarsu jiki ya kawar da ita ba tare da sun sani ba. Wannan bayani yana buƙatar a yi shi da hankali, domin matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka, kuma likitan da ya bari aka fahimci cutar a matsayin shaidar lalata ya kori mata ɗari daga gwaji. A ranar 17 ga Nuwamban 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar, da burin kafin 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi kafin su cika shekara 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Ƙa'idar 2021 ta fifita gwajin ƙwayar HPV kanta, daga shekara 30, duk bayan shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da HIV, wadda haɗarinta ya ninka sau shida, ta fara daga shekara 25, duk bayan shekara 3 zuwa 5. Ƙiyasin 2020 ya nuna Najeriya na samun sababbin masu cutar kimanin dubu 12 a shekara, kimanin dubu 8 na mutuwa.

Allurar rigakafin ta fito a duniya a 2006, amma sai 24 ga Oktoban 2023 Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum, allura ɗaya kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Sakkwato na cikin jihohi 21 na zagaye na biyu da aka fara a Mayun 2024. Rigakafin da aka keɓe wa 'yan mata kaɗai dole ya tayar da tsohon zargi na hana haihuwa, a yankin da bai manta gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, da ƙauracewa allurar shan inna a 2003. Darasin da aka koya daga baya, na shigo da sarakuna da malamai tun farko, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, shi aka sake ɗauka.

Sankarar mama ta fi ta bakin mahaifa yawa, da sababbin masu ita sama da dubu 28 a ƙiyasin 2020, amma hanyarta daban ce. Hoton nono na na'ura, wanda ƙa'idojin Turai da Amurka suka ginu a kai, yana manyan birane ne kawai. Abin da ke hannun likitan Illela shi ne tafin hannunsa da saurin turawa gaba. Shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa burin a kammala gano cutar cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa. Babban abin da ke cinye waɗannan kwanaki shi ne ƙarin da ya fito lokacin goyo a ɗauke shi a matsayin ciwon nono na shayarwa, da tsoron yanke nono, wanda ke mayar da mata da yawa wurin mai sakiya.

A ɓangaren hukuma, an yi dokar kafa cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa a 2017, ta fara aiki a 2023, an kuma buɗe asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Daga maƙwabciya Kebbi, Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, wadda gidauniyarta ta daɗe tana kai gwaji ga mata, an zaɓe ta a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya. Yawancin gwajin da matan karkara ke samu har yanzu ta hanyar gangami yake zuwa, na gidauniyoyi da ƙungiyoyin likitoci mata da matan gwamnoni, ko ta asibitocin masu HIV da na tazarar haihuwa. Gangami na gano masu ciwo, amma ba ya ajiye rajistar da za ta kira mace bayan shekara biyar. Rigakafin kuma ba ya warkar da wadda ta riga ta ɗauki ƙwayar, don haka iyayen 'yan matan da aka yi wa allura a 2024, da yayyensu da aka riga aka aurar, gwaji ne kaɗai kariyarsu na shekaru masu zuwa. Gwajin HPV yana ba mace damar ɗaukar samfurin da kanta da ɗan tsinken auduga, a ɗakinta, ta miƙa wa malamar asibiti, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan. Samfurin na buƙatar na'urar ɗakin gwaji da hanyar mayar da sakamako, wanda ga macen ƙauyen Illela ko na Ƙonni yana nufin lambar waya da za a same ta, da ma'aikaciyar da aka ɗora wa alhakin nemo ta in sakamakon ya nuna ƙwayar.